Ranar da Aka Hana Malam Shinkafa

Da sunan Allah nake farawa, Shi ya ba ni Malam, Shi ya karɓi abinsa. Sunana Hansatu, ƙauyenmu yana tsakanin Bici da Watari. Ban iya rubutu ba, 'yar ƙanwata Rabi ce ke riƙe da biro. Na ce mata ta sa magana yadda ta fito daga bakina, in kuka ya zo mini ta dakata.

Abin da ya sa nake wannan magana shi ne ana cewa mijina ya haukace kafin ya rasu. Bai haukace ba. Zancen ya yi tafiya har ya isa gidan da autana Isiyaku yake neman aure, suka aiko a tambaya musu ko akwai taɓin hankali a jininmu. To, a karanta wannan a ji yadda aka yi. Wanda kuma yake da mai ciwon suga a gida ya buɗe kunne da kyau.

Malam manomi ne. Da damina gero da dawa, da rani ɗan fegin tumatir da albasa a bakin ruwan Watari. Ban taɓa ganin mai sanyin hali kamarsa ba. Ko akuya ce ta shiga masa shuka, da baki yake korarta. Ciwon ya fara masa da ƙishirwa. Sai ya kafa kai a moɗa ya shanye, ya sake ɗiba, ya sake. Fitsari kuwa ba hutu, inda ya yi kiyashi ya taru. Ya rame har wandonsa ya daina tsayawa sai ya ƙara ɗaurin mazagi.

Dangi ba su bar mu da shiru ba. Yayarsa ta ce shawara ce, ta aiko da sassaƙe. Wani ya ce shuwaka, wani ya ce garahuni, wani ya kawo ɓawon maɗaci a leda. Malam ya sha ɗaci har ya daina yamutsa fuska, ramar ba ta tsaya ba. Da muka gaji muka je asibiti. Mun bi layin kati tun safe, azahar ta same mu a kan benci, aka soki yatsansa aka ce suga ne. Ya yi shekaru a kan ƙwayoyi, muna lallaɓawa. Sai wata kaka ƙaya ta soke shi a dunduniya bai ji ba, wurin ya zama gyambo, yana wari. Wannan karon birni aka tura mu. Ragon layya ya tafi, gyaɗar iri ta bi shi. Mun yi kwanaki a baranda kafin a samu gado, mai gadin ƙofa yana kora ta kamar na zo bara. Amma an ceci ƙafar, kuma a nan Allah ya haɗa mu da wata nas mai haƙuri, Allah ya saka mata da alheri duk inda take.

Ita ce ta koya mana allura, wadda suke ce wa insulin. Ta kama hannun Malam ta dunƙule shi, ta ce, "Inna, kin ga wannan dunƙulen? Malmalar tuwonsa ke nan, kar ta wuce, kar kuma ta gaza. Shinkafa ma kamar haka. Fura rabin curi, ba suga. Miya da ganye da nama ba su ne abin lissafi ba, hatsi da rogo da dankali su ake aunawa."

Likitan da ya sallame mu ya faɗi wata magana da ta zauna mini a kai. Ya ce, "Baba, allurar nan ɗan ƙwadago ce. In ka ɗauke ta aiki, dole ka ba ta abinci nan kusa. In ba ka ba ta ba, kai za ta ci. Hawan suga a hankali yake ɓarna, faɗuwarsa kuwa nan take." Ya ce kullum ya riƙa yawo da dabino ko alawa a aljihu, ni kuma kar in rabu da suga. Tun daga ranar nake ƙulle suga a bakin zanena.

Muka koma gida muka raba aiki. Shi ke auna allura, ni ke auna tuwo. Kwalbar maganin na sa ta a 'yar tukunya, na binne ta cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa don kar zafi ya lalata ta. Jikinsa ya dawo, ya koma gona.

Karo na farko da na ga abin da likita yake nufi, da damina ne. Malam ya yi allurar safe, ya kai kunu baki ke nan aka yi sallama, wai shanu sun shiga gonarsa. Ya ajiye kwano ya fita da gudu. Da hantsi ya shigo, gumi yana ɗiga daga gemunsa, idonsa kamar ba nasa ba. Na ce, "Sannu, Malam." Ya wurgo mini fartanya. Na goce, ta sami randa, randa ta dare, ruwa ya malale tsakar gida. Ya zage ni zagin da ban san ya iya ba. Ya shaƙe ni ya buga kaina da bango, haƙorina na gaba ya karye. Rabi, kin ga gibin nan, ba tsufa ba ne ya cire shi. Ina cikin hannunsa maganar likita ta faɗo mini. Na lalubo bakin zane, na kwance da haƙoran da suka rage, na cusa masa suga a baki. Ya cije mini yatsa har ƙashi, amma ya haɗiye. Na ƙara masa. Ba a jima ba hannunsa ya saki. Ya zauna cikin caɓalin ruwan randa yana dubana, ya ga jini a bakina, ya ce, "Hansatu, wa ya yi miki haka?"

Da na gaya masa ya yi kuka kamar yaro. Sannan ya ce, "Ki yi mini rantsuwa maganar nan ba za ta fita ba. In ta fita, da wane ido zan tsaya a sahun gaba?"

Likita kaɗai na gaya wa, ya rage masa allurar, ya ce lallai abokan zamansa su sani. Malam ya ce to, amma bai faɗa wa kowa ba. Ko allurar ma ɓoye ta yake yi. A wajenmu in an ga mutum yana soka wa kansa allura, ko a ce ya kusa tafiya, ko a haɗa shi da yaran nan masu shaye-shaye. Saboda haka duk gari an san Malam yana da suga, amma rabin zancen aka sani: kar a ba shi zaƙi, kar a cika masa tuwo. Ɗaya rabin ni da shi ne kaɗai muka sani.

A gida ba wuya, tunda ni ke malmala. Wuyar tana waje. Dattijo ba ya ƙin zuwa suna, ba ya ƙin ɗaurin aure ko zaman makoki, kuma can faranti ɗaya ne hannuwa da yawa, ba ka san iya abin da ka ci ba. Sai Malam ya samo dabara. In ya ga an fara fito da abinci, sai ya zagaya kamar zai kama ruwa, ya yi allurarsa, ya dawo. In an ajiye faranti sai ya sa yatsa ya ja layi, ya ware daidai dunƙulen hannunsa a gabansa, ba ya tsallakewa. Amininsa Malam Hadi, wanda suka taso tare tun makarantar allo, shi ya sa wa abin suna. Yana ganin yatsan ya sauka sai ya ce, "Jama'a, a matsa, mai awon filaye zai yanki fuloti." A yi dariya, Malam ma ya yi. Ranar kasuwa kuwa wajen mai tuwo ɗaya yake ci, domin ya san girman malmalarta.

Bayan kaka Malam Hadi ya tashi auren ɗansa. Ƙauyensu yana gaba da namu, da ɗan nisa. Ni na riga Malam tafiya tare da mata, shi ya biyo baya a keke cikin rana. Sabuwar riga ya sa, dabinon yana aljihun tsohuwar, a rataye a ƙusa. Isiyaku ba ya nan, ya bi motar tumatir. Abin da ya faru a ƙofar gida ban gani duka ba, Malam Hadi ne ya ba ni labari daga baya, yana faɗa yana share ido.

Bayan azahar aka fara fito da farantan shinkafa. Malam ya zagaya bayan rumbu ya dawo, kamar kullum. Ya zauna ya miƙa yatsa zai ja layi, Malam Hadi ya kama masa wuyan hannu.

"A'a, yau ba fuloti. An yi maka gonarka daban."

Ya buɗe masa kwano. Kwaɗon zogale ne da ɗan ƙuli, da tsokar nama a kai.

Malam ya ce, "Bar ni in ɗan taɓa shinkafar, Hadi."

"Ka taɓa me? In ka faɗi a ƙofar gidana Hansatu ta cinye ni ɗanye? Ku janye masa farantin nan, kwaɗayi ne irin na tsufa."

Aka yi dariya, aka janye. A gaban liman da surukai da baƙi, Malam bai iya cewa ya riga ya yi allura ba, bai kuma iya roƙon abinci a gidan mutane ba. Ya ci zogalensa. Aka zo rabon lemon kwalba aka tsallake shi. Duk don ƙauna aka yi.

Ni ina ciki ban sani ba. Sai da la'asar ta kusa, mata sun ci sun wanke hannu, Tabawa matar Malam Hadi ta zauna kusa da ni tana fara'a. Ta ce, "Yaya Hansatu, ba ki gode mini ba. Da hannuna na yi wa Malam nasa, zogale zalla, ko ƙwayar shinkafa ban bari ta faɗa ba."

Na miƙe zumbur. Na ce, "Tabawa, a kai masa shinkafa yanzun nan. Ko fura. Ko lemo."

"Lemo? Yaya, rana ta taɓa ki?"

Zaure cike yake da maza, mace ba ta ratsawa. Na sa Tabawa ta leƙa ta bayan ƙyaure ta faɗa wa mijinta. Ina jin amsarsa daga inda nake: "Ki ce wa Hansatu ta kwantar da hankalinta, mun fi ta son sa." Ba a jima ba na ji ƙarar kwalba, na ji ihu.

Ashe Malam ya jima yana gumi, yana cire hula yana mayarwa. Liman ya yi masa magana ya watsa masa baƙar magana. Sai ya rarrafa ya fizgi kwalbar lemo daga gaban wani baƙo, yana ƙoƙarin kai ta baki, hannunsa yana rawa. Ran kansa yake nema ya ceta. Mutane suka ce, "Kar ya sha! Ku ƙwace!" Malam Hadi ya kama kwalbar, suka yi ta ja, Malam ya fizge ya sauke masa ita a goshi.

Ban san lokacin da na ratsa zauren ba. Ba mayafi, ba takalmi. Na tarar da Malam Hadi a zaune jini ya rufe masa ido, ya jiƙe farar rigarsa har cinya. Mijina kuwa yana ƙasa. Samari sun danne shi, ɗaya ya sa masa gwiwa a ƙirji, ɗaya yana murɗe masa hannu ta baya, wani ya kawo igiyar shanu suna ɗaure ƙafafunsa. Yana gurnani, yana cizo, yana harbi. Wani ya maka masa gora a haƙarƙari, na ji ƙarar daga inda nake. Ana cewa aljanu ne, a kawo garwashi, a kawo hayaƙi. Wani saurayi mai ruƙiyya ya durƙusa yana masa karatu a kunne da ƙarfi yana marinsa, yana cewa, "Fita! Faɗi sunanka ka fita!"

Na kutsa ina kwance bakin zane. Ina cewa, "Suga za a ba shi! Sugansa ne ya faɗi!" Wani ƙaton yaro ya riƙe mini hannu.

"Inna, kisa za ki yi? Mai ciwon suga ne fa!"

"Sake ni, ɗan nan!"

"Wallahi ba za ki ba shi ba. Jama'a, ku ga abin da take so ta ba shi!"

Ya doke hannuna, sugan ya watse a ƙasa. Na cije shi, sai da na ji gishirin jininsa. Ya hankaɗa ni na faɗi a kan gwiwoyina. Daga nan ƙasa na yi abin da ban taɓa yi ba tun ranar da aka kai ni ɗakinsa ina yarinya: na kira sunansa. Na ce, "Ɗahiru!" Rabi, rubuta shi sau ɗaya, ba zan sake faɗa ba. Ya juyo da ido. Ya ji ni. Na kwashi sugan da ƙasarsa da komai na goga masa a cikin kumatu, aka ja ni ta baya, mata biyu suka riƙe ni suna cewa ni ma abin ya shafe ni.

Sai jikinsa ya ɗauki karkarwa, ya sandare, ya saki. Mai ruƙiyya ya ce alhamdu lillahi, ya fita. Aka kawo ruwan tofi a kwano. Mutum ba ya cikin hayyacinsa, suka toshe masa hanci, suka buɗe bakinsa da cokali, suka ɗura. Ina ihu ina cewa kar a ɗura, ba mai ji na. Ruwan ya dawo ta hanci, yana wani irin kakari. Malam Hadi ne ya miƙe, yana share jini da hannun riga, ya daka tsawa: "Ku sake matar nan! Ita ta san mijinta!" Amma an riga an ɗura.

A akori-kurar da ta kawo kayan amarya aka kai mu asibiti, igiyar tana ƙafarsa, ni na kwance ta a hanya. Nas ta soki yatsansa ta dubi na'urar gwajin suga, ta ruga da gudu. Aka yi masa allurar ruwan suga ta jijiya. Ina tsaye ya buɗe ido. Abin da aka hana ni ba shi a ƙofar gidan biki, shi aka ba shi. Likita ya saurari ƙirjinsa ya ɗago a fusace ya ce, "Wa ya ɗura masa ruwa? Wa ya karya masa haƙarƙari?"

Satin farko zazzaɓi da tari. Ruwan da aka ɗura ya shiga huhu, ga karaya, in ya yi tari sai ya damƙe hannuna har ƙashi ya yi ƙara. Aka mayar da mu birni, aka sa masa robar iska a hanci. Isiyaku ya sayar da tumatirin tun yana gona. Dangi suka dawo da shawarwarinsu, yayarsa ta ce a sace shi daga asibiti a kai shi wajen mai maganin iskoki, na ce sai dai a bi ta kaina. Ma'aikatan sun yi ƙoƙari, ban da bakin cewa ba su yi ba, sai dai akwai ranar da iskar ta ƙare muka yi ta bin ofis-ofis yana haki.

Ranar da ya fara magana sosai, abin da ya tambaya shi ne, "Wa na buga wannan karon?"

Na ce, "Malam Hadi."

Ya juya fuskarsa bango.

Sati na biyu Malam Hadi ya zo, goshinsa da ɗinki. Ya tsaya a bakin gado ya kasa zama. Malam ya ɗaga hannu da ƙyar ya nuna goshin, ya ce, "Ka yafe mini."

"Ni zan yafe maka? Kai, tun muna yara kwano ɗaya muke ci. Me ya hana ka ce mini ka yi allura? Kalma ɗaya! Da na juye maka farantin gaba ɗaya a cinya."

"Kunya, Hadi."

"Kunyar wa? Tawa?"

Malam ya yi ɗan murmushi a bayan robar. Ya ce, "Fulotin nan da kake mini dariya, ai shi ne maganin." Malam Hadi ya durƙusa ya kifa kansa a kan katifa, kafaɗunsa suna rawa.

Malam bai ƙara sati ba. Ranar Juma'a da hantsi, ina goge masa baki da tsumma, numfashin ya yi ta nisa da juna har ya tsaya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Rabi, dakata.

To, ci gaba.

Ina takaba Tabawa ta zo ta zube a ƙofar ɗakina, ta ce ita ta kashe shi. Na daɗe ban iya duban fuskarta ba. Daga baya na ba ta ruwa ta sha. Zogalen nan da hannunta ta tsinke shi don ta faranta masa, na sani. Yaron da ya doke mini hannu da mai gorar ba su zo ba har yau, na bar su da Allah.

Ga abin da nake roƙon duk wanda ya ji wannan. In mai ciwon suga ya zo gidanka, kar ka yanke masa abin da zai ci, tambaye shi. In ka ga yana gumi, yana rawa, yana faɗa ba dalili, ba shi zaƙi tun yana iya haɗiya, ka yi tambaya daga baya. In ya suma kar a ɗura masa komai, ko ruwan addu'a ne, a kwantar da shi ta gefe a ruga asibiti. Mai allura kuma ya faɗa wa wanda yake cin abinci da shi. Mijina ya ɓoye don kar a yi masa kallon mahaukaci, ga shi da wannan sunan aka bi gawarsa.

Da saƙon surukan Isiyaku ya zo, na rasa wanda zan tura. Malam Hadi ya ji labari, bai shawarci kowa ba ya hau babur ya tafi. Isiyaku ya ba ni labari cewa a zauren uban yarinyar, gaban dattawansu, Malam Hadi ya cire hularsa ya nuna tabon. Ya ce, "Kuna tambayar hauka? Ga inda ya buge ni. Hannunsa ne, amma ni na janye masa abinci bayan ya yi allura, ni na ƙwace kwalbar da za ta cece shi. In akwai wanda hankalinsa ya gushe ranar nan, mu ne da muke tsaye. Ku ba yaron nan mata, ni ne ubansa." Sun sa rana bayan kaka mai zuwa.

Na riga na gaya wa masu girki, a walimar ɗana ba kwanon da za a ware wa kowa sai an tambaye shi. Ni kuma a bakin zaure zan zauna, duk mai jin kunya ya ji. Sugan yana nan a bakin zanena, kiyashi yana samunsa, ina kakkaɓewa ina sake ƙullawa.

Allah ya jiƙan Malam, ya sanyaya masa makwanci yadda ya sanyaya mini zama. Rabi, ajiye biron haka nan.